Wanda Ya Roƙi Ruwa a Bakin Rijiya

 Kafin ku ci gaba da wannan takarda, muna roƙonku ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta Yohanna sura 4, daga aya ta 1 har zuwa ta 42. Idan akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, ku karanta da ƙarfi domin shi ma ya ji.

Tun ran da aka yi sanarwa cikin Ekklesiyoyinmu cewa za mu sake fita aikin ruwa da rani mai zuwa, mutane suna ta tare mu da tambaya. Wani dattijo ya ce, "Fasto, ƙauyukanmu na masu bi ba su gama samun ruwa ba, don me za mu kai wa waɗansu?" Wata uwa ta ce, "Wa zai ba ni tabbaci ɗana zai komo lafiya?" Wani saurayi mai himma kuwa ya ce, "Mutum nawa suka tuba a tafiyar da ta wuce?" Tambayoyin nan duka na kirki ne, ba mu raina ko ɗaya ba. Amma ba za mu iya amsa su ba sai mun ba ku labarin wata kunya da muka sha, gama a cikinta ne Ubangiji ya koya mana abin da ba mu koya a makarantar Littafi Mai Tsarki ba.

Ga waɗanda ba su san ƙasar ba, idan ka taso daga Yawuri ka nufi Sakkwato a kan babbar hanya, za ka wuce Koko, ka wuce Maiyama, ka iso Jega, inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu. Jega tsohon garin kasuwa ne a bakin gulbin Zamfara. Gaba kaɗan sai Aliero, garin albasa da masu ɗorin karaya, inda jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi take tun 2006. Jiga Makera tana cikin ƙasar Aliero, dukansu kuwa a ƙarƙashin masarautar Gwandu suke. Mutanen wurin Musulmi ne tun kaka da kakanni, manoma ne kuma masu ƙwazo. Masu bi kaɗan ne, yawancinsu baƙi, malamai da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa.

Wanda ya bi hanyar nan da rani ya ga gonakin albasa kore shar, injin ban ruwa yana ta kuka, zai ce ƙasar nan ba ta da damuwar ruwa. Amma ruwan da ya ishe albasa dabam, ruwan da ya dace da cikin jariri dabam. A ƙananan ƙauyuka da tunga za ka iske rijiya ba ta da baki, ba ta da murfi. Kowa yana zuwa da gugansa, ya ja, ya yar da igiya a ƙasa inda jaki ya tsaya ɗazu, wani ya ɗauka ya sake jefawa ciki. Da damina ruwan sama yana share bayan gari ya zuba cikin rijiya. Ruwan yana iya zama garau ga ido, mutuwa tana ciki.

Dattawa a cikinku sun tuna kurkunu. Yara na yanzu ba su taɓa ganinsa ba, godiya ga Allah. Mutum yana shan ruwan tabki, ya haɗiye waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu ɗauke da ƙwayar tsutsar. Ba ya jin kome sai bayan wajen shekara guda, sa'an nan ƙafa ta yi bororo, tsutsa fara mai tsawon kamar yadi guda ta fara fitowa, ana naɗe ta a jikin tsinke kaɗan kaɗan har makonni. Sau da yawa takan kwantar da manomi daidai lokacin noma. Da aka ƙidaya a ƙasar nan a 1988 da 1989, an sami mutum fiye da dubu 650 masu ciwon. Babu allurarsa, babu ƙwayar magani. Abin da ya kashe kurkunu shi ne rijiyoyi, da ƙyallen tace ruwa, da mutanen ƙauye masu aikin sa kai waɗanda suka bi gida gida suna hana mai ciwo shiga tabki. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun sa hannu sosai cikin yaƙin. An ga mai ciwo na ƙarshe a Nijeriya a watan Nuwamba 2008, a watan Disamba 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasarmu ta rabu da shi. Muna faɗin wannan domin kada wani ya ce ƙaramin aiki a ƙauye ba ya canza kome.

Amma amai da gudawa bai tafi ba. A 2021 ya kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya, ya kashe fiye da dubu 3, jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka sha wuya. Wannan ne ya motsa zukatanmu muka fara.

Muka tara baiko wata da watanni. Zumuntar Mata suka sayar da ƙosai da ƙuli-ƙuli, matasa suka yi ƙodago suka kawo. Muka yi ciniki da masu haƙar rijiyar burtsatse, muka tafi mu goma sha biyu zuwa wani ƙaramin ƙauye a yankin Jiga Makera. Mun gai da mai gari, gaskiya ne, amma gaisuwar sanarwa ce, ba ta neman shawara ba. Mu da kanmu muka zaɓi wurin, a bakin hanya kusa da rumfar da maza suke zama, domin mai wucewa ya gani. Cikin kwana biyar ruwa ya fito. Aka kafa famfon tuƙa-tuƙa, aka yi daɓen siminti, muka kafa allo mai sunan Ekklesiyarmu da manyan baƙaƙe. Muka ɗauki hoto, muka komo gida muna waƙa cikin mota. Ran Lahadi muka ba da rahoto, jama'a suka yi tafi.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, wani ɗan'uwa ya tafi sarin albasa, ya ce bari ya ratsa ya sha ruwan rijiyarmu. Ya iske hannun famfo yana lilo ba nauyi, daɓe ya bushe, awaki suna kwance a kai. Allon sunanmu kaɗai ke tsaye lafiya lau. Yara suka kewaye shi suna cewa, "Famfonku ya mutu! Famfonku ya mutu!" Ya tambaya tun yaushe. Suka ce tun kafin damina. Mata sun koma tsohuwar rijiya, a daminar nan kuwa an binne yara a ƙauyen saboda gudawa.

Ku lura da maganar yaran. Ba su ce famfonmu ba, famfonku suka ce. Sun faɗi gaskiya. Mu muka kawo shi, mu muka zaɓi wurinsa, sunanmu ke bisansa. Wa zai sa hannu ya kwance kayan wani? Suna jiranmu mu zo mu gyara abinmu, mu kuwa muna gida muna nuna hoto. Da aka buɗe famfon daga baya, abin da ya lalace wata 'yar roba ce can ƙasa wadda take riƙe ruwa, kuɗinta bai kai na kaza ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Gugan kuwa mu ne.

Da wannan nauyi a zuciya muka koma ga Yohanna sura 4, muka ga abin da muka sha karantawa ba mu gani ba.

Ubangiji Yesu yana tafiya daga Yahudiya zuwa Galili, ya bi ta Samariya. Ya iso kusa da garin Saikar da tsakar rana, ya gaji, ya zauna a bakin rijiyar Yakubu. Rijiyar tana nan har yau kusa da birnin Nabulus, zurfinta ya fi ƙafa ɗari. Ba shi da guga, ba shi da igiya. Wata mace ta zo ɗiban ruwa. To, wa ya fara magana, me kuwa ya fara faɗi? Shi ne ya fara, abin da ya fara yi kuwa roƙo ne. Ya roƙe ta ta ba shi ruwa ya sha.

Ku tsaya a nan tukuna, kada ku yi saurin wucewa zuwa zancen ruwan rai. Wannan mai roƙo shi ne wanda ta wurinsa aka halicci gulbin Kwara da gulbin Zamfara da dukan ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Shi ne ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a Kana, surori biyu kaɗai kafin wannan. Da ya so, da ruwa ya hau har bakin rijiya ya same shi. Yana da babbar kyauta wadda ya zo ba matar nan. Duk da haka bai fara da kyautarsa ba, ya fara da ƙishirwarsa. Ya sa kansa a ƙarƙashin hannunta, ta ba shi ko ta hana shi.

Matar ta yi mamaki, tana da dalili kuwa. Yahudawa ba su tarayya da Samariyawa, ko moɗa ba su haɗawa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Waɗansunku sun taɓa roƙon ruwa a wani gida aka ɗauko musu wani kwano dabam wanda aka ajiye gefe, abin yana musu zafi har yau. Mu ma kada mu wanke kanmu. Akwai maganganun reni da muke yi a kan maƙwabtanmu in mun rufe ƙofa, waɗanda ba za mu so su ji ba. Ubangiji ya ƙetare wannan katanga da roƙon ruwa, yana shirye ya sa bakinsa a gugan Basamariya.

Ku ga abin da roƙon ya haifa. Da ya zo mata kamar mai rabon sadaka, da ta karɓa, ta yi godiya, ta tafi da zuciyarta a rufe. Amma da yake tana da abin da yake bukata, sai ta sami bakin magana. Ta yi masa gardama. Ta tuna masa ba shi da guga. Ta tambaye shi ko ya fi kakansu Yakubu. Ta kawo zancen wurin sujada, ko bisa dutsensu ko a Urushalima. Bai tsawata mata ba, ya amsa mata kamar yadda ake amsa wa mai hankali. Da ya taɓa ɓoyayyen mikin rayuwarta ba ta gudu ba. A ƙarshe ta bar tulunta ta ruga gari tana kiran mutane. Mutanen gari suka roƙe shi ya zauna, ya kuwa kwana biyu a wurinsu. Abincin wa ya ci kwana biyun nan? A tabarmar wa ya kwanta?

Mu fa, a tafiyarmu ta fari, mun tafi da ruwan leda buhu buhu, da abincinmu a kula. In rana ta yi sai mu koma inuwar mota mu ci mu kaɗai. Wata tsohuwa ta aiko mana da farau-farau cikin ƙwarya, muka yi godiya, muka ajiye har ya yi ɗumi, aka mayar. Mu Hausawa ne, mun san abin da wannan ke nufi. A ƙasarmu ba a tambayar baƙo labari sai ya sha ruwa, baƙon da ya ƙi ruwan gida kuwa ya riga ya faɗi matsayinsa. Ba muna cewa ku sha ruwan kududdufi don nuna ƙauna ba, Allah bai hana mu hankali ba. Akwai shayi, akwai kunu mai zafi, akwai tuwo da aka sauke yanzu. Amma mu ba tsoron cuta kaɗai ya hana mu ba. A zuciyarmu mun riga mun raba mutane kashi biyu, mu masu bayarwa, su masu karɓa.

Sai muka koma, mu uku kaɗai, ba mota mai kaya, ba na'urar hoto. Muka tuɓe takalma a zauren mai gari, muka gaishe shi, muka ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman gafara, mun kuma zo neman a koya mana." Ya yi shiru, ya sa aka kawo ruwa. Da muka sha ya ce, "Fasto, alheri kuka zo da shi, ba mu manta ba. Amma baƙo ko idonsa ya kai na mujiya, sai an nuna mai ƙofa. Da kun tambaya, da mun gaya muku matanmu ba su zuwa bakin hanya inda maza ke zaune." Ashe ko lokacin da famfon yake aiki, yara ƙanana kaɗai ke zuwa. Yawancin gidaje ba su taɓa barin tsohuwar rijiya ba, gama tana bayan gari inda mace za ta je da asuba ba mai kallonta.

Wannan ya tuna mana wani labari na ƙasar Ingila. A 1854 amai da gudawa ya faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, ya kashe mutum fiye da 600. Wani likita, John Snow, ya ce cutar daga famfon unguwar take, aka cire hannun famfon. Mutane da yawa ba su gaskata shi ba, har da wani matashin ma'aikacin Ekklesiya na unguwar, Henry Whitehead. Wannan bawan Allah ya bi gida gida yana tambaya domin ya ƙaryata likita. Da yake ya san mutanen, suna kuma sakin jiki da shi, sai tambayarsa ta gano tushen abin: ruwan wankin tsumman wata jaririya mai gudawa ne aka zuba cikin ramin ƙazanta wanda yake dab da rijiyar. Likita yana da ilimi, amma sai da aka sami mai zama a ƙofar gida yana tambaya gaskiya ta fito sarai.

A tafiya ta biyu mun kashe kwana uku ba mu taɓa ko cebur ba. 'Yan'uwa mata na Zumunta suka shiga gidaje inda mu maza ba mu da iko mu shiga, suka zauna suna taya sussuka da daka, suna ji. Aka kai mu wurin wani tsoho mai haƙar rijiya, wanda ya san gaba nawa ake samun ruwa a kowace kusurwar ƙauyen, ya san inda ruwa ke da ɗanɗanon ƙarfe da inda yashi ke zubewa. Muka tambaye shi, "Baba, in kai ne, me za ka fara yi?" Ya ce a gyara tsohuwar rijiya, tun da ita mutane ke sha.

Haka kuwa aka yi, ba mu muka yi ba, gayya aka kira. Samarin gari suka shiga suka yashe ta. Aka gina mata baki har ƙugu domin kada ruwan sama ya koma ciki, kada kuma yaro ya faɗa. Aka yi daɓe kewaye da ita mai gangara, da magudana wadda take kai ruwan da ya zube zuwa kwamin dabbobi can nesa. Aka yi murfi. Aka kafa itace mai ƙugiya, aka rataye guga ɗaya na kowa da kowa wanda ba ya taɓa ƙasa. Aka yarda ba mai haƙa masai kusa da rijiya ƙasa da mita 30, watau wajen taki arba'in na babban mutum. Mu muka kawo siminti da rodi, su suka kawo yashi da tsakuwa da ƙarfinsu, da abincin da dukanmu muka ci a akushi ɗaya.

Sa'an nan muka koma kan famfo. Famfon tuƙa-tuƙa ba shi da wani asiri. Hannu yana jan sandunan ƙarfe, sandunan suna motsa wani abu kamar allurar likita can cikin ruwa, roba tana riƙe ruwan ya hau. Robar tana cinyewa, dole ne, kamar yadda takalmi ke cinyewa. Irin wanda ake kira India Mark II yana da ƙarfi, amma in abin ƙasa ya lalace sai an ciro bututu duka, da manyan kayan aiki da mutane da dama. Irin Afridev kuwa an yi shi musamman domin mutanen ƙauye su iya zaro sandunan su canza roba da sifana ɗaya, ba sai an ta da bututu ba. Mai gari ya zaɓi maƙerin gari da wani yaro mai gyaran babur. Makanikinmu ya kwance famfon a gabansu ya ɗaura, sa'an nan ya koma gefe ya naɗe hannu, suka kwance suka ɗaura har sau uku. Kafin la'asar maƙerin ya nuna masa wata dabara ta riƙe sanda wadda shi bai sani ba. Aka buɗe asusu, kowane gida zai sa wani abu in an sayar da albasa, kuɗin yana hannun mutum uku da gari ya amince da su. Aka kewaye famfon da zana ta wajen rumfa domin mata su iya zuwa.

Allon sunanmu kuwa, da hannunmu muka tumɓuke shi. Wani cikinmu bai ji daɗi ba, ya ce ta yaya za a san aikin Ekklesiya ne? Muka ce masa duk ƙauyen sun san ko su wane ne mu, gama kowace safiya suna jinmu muna addu'a cikin sunan Yesu kafin mu fita aiki. Maƙerin ya karɓi ƙarfen allon ya ƙera marfin rijiya da shi.

Yanzu bari mu koma ga masu tambayarmu.

Baba dattijo, gaskiyarka, akwai ƙauyukan masu bi wajen Zuru da Yawuri masu shan ruwa tare da shanu. Ba mu manta da su ba, hannuwan da suka koyi gyara a ƙasar Aliero su ne za su gyara na gida. Amma ka karanta Farawa sura 21. Hajaratu tana cikin jeji, ruwan salka ya ƙare, ta ajiye ɗanta Isma'ilu a ƙarƙashin wani ɗan itace ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa. Wa ya ji kukan yaron? Wa ya buɗe idonta ta ga rijiya? Allahn Ibrahim da Ishaku ne, Allahn da muke yi wa sujada. Bai ce wannan ba ɗan alkawari ba ne. Idan Ubanmu ya shayar da Isma'ilu, mu su wane ne da za mu tsaya duba sunan yaro kafin mu miƙa moɗa?

Mama, ba za mu yi miki ƙarya ba, ba mu da tabbacin da kike nema. Mun san ƙasar da muke ciki. Mun tuna ɗaliban da aka sace a Birnin Yawuri a watan Yuni 2021, mun tuna abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayu 2022, zukatanmu ba su warke ba tukuna. Abin da za mu iya faɗi shi ne, ba mu zuwa inda mai gari bai kira mu ba, muna sanar da hukuma kafin mu tashi, ba mu tafiyar dare, ba mu kafa lasifika, ba mu taɓa addinin kowa da baƙar magana, ko a baki ko a waya. Saurayin da bai iya riƙe harshensa ba, gara ya zauna gida ya yi mana addu'a. Mu kuwa mun kwana cikin ƙauyen nan a ɗakin baƙi na mai gari, amanarmu tana wuyansa, ya kuwa riƙe ta. Wata rana da aka yi ɗar-ɗar a garinmu, shi ne mutum na fari da ya buga waya ya ce, "Fasto, ina iyali? Kowa lafiya?"

Kai kuma ɗanmu mai himma, ka tambayi mutum nawa suka tuba. Ba ko ɗaya da muka sani. Ba mu jin kunyar faɗin haka. Marmarinmu ne kowane mutum ya san Mai Ceto, in ba haka ba da ba mu zama masu bishara ba. Amma ruwa ba tana ba ne da ake sa wa ƙugiya. Talaka ya san bambancin kyauta da tarko, yana jin ƙanshinsa tun daga nesa. Ubangiji ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya komo, bai kuwa mayar wa taran nan kuturtarsu ba. Abin da Manzo Bitrus ya umarce mu shi ne mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, da tawali'u da ladabi. An kuwa tambaye mu. Wani dare limamin gari ya zo ya zauna a tabarmarmu, ya ce a addininsu shayar da ruwa sadaka ce mai gudana, ladanta ba ya yankewa. Ya ce, "Ku fa, wane lada kuke nema?" Muka gaya masa ba sayen lada muka zo ba, an riga an biya mana bashin da ba mu iya biya, muka ba shi labarin wanda ya ji ƙishirwa a bisa gicciye. Ya ji, ya yi tambaya, ya yi gardama, har dare ya raba. Bai canza ba. Da safe ya aiko mana da fura. Abin da ya rage yana hannun Ruhu Mai Tsarki.

Aikin bana ba na sabuwar rijiya ba ne. A Farawa sura 26 Ishaku ya sake tone rijiyoyin da aka haƙa a zamanin ubansa, waɗanda Filistiyawa suka cike da ƙasa, bai kuwa sa musu sunansa ba, ya bar musu sunayen da Ibrahim ya ba su. Da makiyayan Gerar suka yi masa jayayya a kan sabuwar rijiya, ya bar musu ya matsa gaba, suka sake, ya sake matsawa, har Allah ya ba shi wuri mai faɗi. Ku bi ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama ku duba, za ku ga famfuna matattu tsaye, kowane da allonsa, na gwamnati, na 'yan siyasa, na masu taimako daga ƙasashen waje, da irin namu. Ruwa yana nan a ƙarƙashinsu. Kuɗin haƙa sabuwa ɗaya zai ta da matattu da yawa. Gyara ba shi da bikin buɗewa, ba mai yanka ƙyalle, shi ya sa ba shi da masu so. Masu gari uku sun ji labari daga bakin maƙwabcinsu, sun aiko a zo.

Muna neman magina biyu, da makanike, da mai walda. Muna neman 'yan'uwa mata huɗu waɗanda suka iya zama cikin gida da ladabi, da ma'aikaciyar jinya wadda za ta nuna wa iyaye mata haɗin ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, gama wannan yana riƙe ran yaro mai gudawa kafin a kai shi asibiti. Muna neman samari masu ƙarfi waɗanda ba su jin kunyar ɗaukar yashi a ƙarƙashin umarnin tsoho wanda bai yi boko ba. Wanda ba ya jin Hausa sosai ya zo, amma ya zo da niyyar koyo. Kowa ya riƙo tabarma, da gidan sauro, da Littafinsa. Mata su riƙo mayafi. Kada kowa ya zo da kular abinci.

Wanda Ubangiji ya taɓa zuciyarsa ya ba magatakardan Ekklesiyarsa sunansa kafin Kirsimati. Waɗanda ba za su iya tafiya ba su tuna da mu cikin addu'ar asuba, su ambaci masu garin nan uku, da maƙerin, da tsohon mai haƙar rijiya wanda muka ji ƙafa tana damunsa, da iyayen yaran da aka binne a daminar da famfonmu yake mace.